'Yata ta daina karanta alƙawarin tuta a makaranta, zai taɓa takardunmu?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Muna zaune a Bronx, birnin New York. 'Yata 'yar aji biyar ta daina karanta alƙawarin biyayya ga tuta da ake yi kowace safiya, wai dafa ƙirji da faɗin "ƙasa ɗaya ƙarƙashin Ubangiji" sun yi mata kama da ibada. Wani mai cika takardu ya ce za a rubuta sunanta, ya ɓata mana neman katin zama. Ko barci ba na iyawa.

Amsa: Hajiya, ki yi barcinki. Tun 1943, a shari'ar Barnette da mabiya Shaidun Jehobah suka kai, Kotun Ƙolin Amurka ta hana makarantar gwamnati tilasta wa yaro sara wa tuta ko karanta alƙawarin. A 1973 kotun ɗaukaka ƙara mai kula da New York ta ce yana iya zama a kujerarsa shiru.

Kalmomin da suka dame ta ma ba da su aka rubuta shi ba a 1892. Majalisar dokokin Amurka ce ta cusa su a 1954, zamanin Shugaba Eisenhower, ana tsaka da gaba da kwaminisanci. Michael Newdow, wanda bai yarda da addini ba, ya kai ƙara a cire su, amma a 2004 Kotun Ƙoli ta kauce wa asalin batun, ta ce ba shi da hurumin ƙara a madadin 'yarsa.

Mai cika takardun nan kuwa, haba! Kullum sai an kawo mini wannan tatsuniya. Yana cakuɗa abu biyu ne: rantsuwar da baligi ke yi ranar karɓar shaidar zama ɗan ƙasa, da karatun yara kafin darasi. Malamar aji ba ma'aikaciyar shige da fice ba ce, fom ɗin katin zama kuma ba ya tambayar ko 'yarki ta dafa ƙirji. Hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Plyler na 1982 ma ya hana korar yaro daga makarantar gwamnati don ba shi da takardun zama. Su tsorata ki, ki buɗe jaka, shi ke nan sana'ar. Ki tambaye shi lasisinsa na lauya, ki ga yadda zai yi ta kame-kame.

Amma fa makarantar kuɗi tana da nata dokoki, kuma jihohin Texas da Florida suna neman rubutaccen izinin iyaye kafin a ɗauke wa yaro karanta alƙawarin. Idan malamar ta matsa mata, ki rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa, ki ajiye kwafi. Ko ibada ce ko a'a, wannan na malaman addini ne, ba na lauya ba.