Amsa ga mai tambaya kan Jet Rocket: kada ka jona ta da wuta tukuna

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka ci karo da wata tsohuwar na'urar wasa a cikin kayan gwanjo, an rubuta Sega Jet Rocket a goshinta, ka leƙa ciki ba ka ga talabijin ba sai madubi da wayoyi, kuma kana tunanin ka saya ka kwashe kayan cikin ka sa mata allon kwamfuta. Na yi shekaru ina taya wani dattijo gyaran irin waɗannan injuna a wani gareji a Amurka, shi ya sa na kasa yin shiru.

Da farko dai ba a sace mata talabijin ba, haka aka ƙera ta. Kamfanin Sega ne ya fito da Jet Rocket a Japan a 1970, shekara biyu kafin wasan bidiyon Pong na kamfanin Atari. Babu kwamfuta a cikinta ko kaɗan. Wannan faffaɗan bel da ka gani, shi ne ƙasar da jirgin yake shawagi a kanta. An ɗora masa siffar tsaunuka da gine-gine da wuraren da za a harba, ƙaramin moto irin na fanka yana jan sa a hankali, madubi kuma yana karkato da hotonsa zuwa idonka. Kai da ke tsaye riƙe da sitiyarin, sai ka ga kamar kana cikin jirgin yaƙi da dare, ƙasa tana tahowa tana wucewa ta ƙarƙashinka. Roket ɗin da kake harbawa da wutar da ke tashi idan ka samu, duk ƙwayayen fitila ne ke kamawa suna mutuwa. Ranar da na fara leƙa bayan irin wannan inji yana aiki, dariya ta kama ni. Ta gaba yaƙi ake yi, ta baya kuwa ƙyalle ne kawai yake zagayawa kamar bel ɗin injin niƙa.

Ba ita ce ta farko ba. Tun wajajen 1940 kamfanin Keeney na Chicago ya yi Air Raider, Mutoscope na New York ya yi Sky Fighter, mutum ya rungumi bindiga yana harbin hoton jirgi da fitila ke haskowa. Periscope na Sega, wanda na jirgin ruwa ne, shi ya saba wa Amurkawa biyan santi 25 a wasa ɗaya. A 1969 Sega ta yi Missile, inda kake harbo jirage daga ƙasa, kamfanin Midway ya sayar da irinsa da sunan S.A.M.I. Jet Rocket kanta ba ta daɗe da fitowa ba aka kwaikwaye ta, kamfanin Bally ya yi Target Zero, kamfanin Williams ya yi Flotilla. Bayan fitowar wasan bidiyon Space Invaders a 1978 kasuwar waɗannan injuna ta mutu murus, da yawansu aka farfasa.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne yadda injin ke sanin ka samu. A yawancin na harbi babu abin da ke fita daga bindigar. A ƙarƙashinta akwai ɗan hannun ƙarfe da ke gogar wani faranti mai ɗigo-ɗigon tagulla, duk inda ka juya bindigar yana bi. Abin harin ma yana da nasa hannun da nasa farantin. Idan ka danna kunama daidai lokacin da biyun suka dace, wuta ta samu hanya, rilei (makunnin da wuta ke kunna shi da kanta) ya kama, ka ji ƙwas, fitilar fashewa ta haska, faifan maki ya juya. Shi ke nan. Saboda haka in injin ya daina ƙirga maki, kafin ka zargi komai duba datti a kan tagullar nan.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce ta sa na rubuto. Japan ƙarfin wuta volt 100 take amfani da shi, Amurka wajen 120, mu kuwa a Najeriya 230. Ka duba farantin da ke jikin taransfomar ka ga na wace ƙasa ce. Ka jona ta kai tsaye, kafin ka ƙifta ido ka ji ƙauri. Sai da taransfoma mai rage wuta, kuma kada ka fara gwada ta da ƙaramin janareta. Akwai wani abu da ko ka rage wutar ba zai gyaru ba. Wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu 50, kuma moton da ke auna lokacin wasa a irin waɗannan injuna sau da yawa da wannan kaɗawar yake tafiya. Wasan minti ɗaya sai ya koma daƙiƙa 72, bel ya riƙa jan ƙafa. Ba lalacewa ba ce. Japan kuwa kashi biyu ce, gabas 50, yamma 60.

Kafin wuta, ka juya kowane moto da hannu. Giris na shekara 50 yakan daskare ya zama kamar ƙaro, moto ya kasa juyawa ya ƙone. Ka ciro fis ɗaya bayan ɗaya. Mun taɓa karɓar wani inji da wani mai gyara ya naɗa wa fis takardar sigari mai azurfa, koyil (naɗin wayar da ke zama maganaɗisu) ya maƙale babu abin da zai yanke wutar, ya gasa rabin wayoyin. Wata uku dattijon nan ya yi yana bin su da mita. Shi ne kuma ya taɓa buge mini hannu da na ɗauko man fesawa zan fesa wa rilei. Man yana tara ƙura, wani ma yana kamawa da wuta idan tartsatsi ya tashi. Farin kati mai kauri ake zurawa tsakanin bakunan rilei ɗin a ja, sai ka ga baƙi ya fito. Kuma kada ka fara lanƙwasa 'yan ƙarafan nan don kana ganin sun buɗe da yawa. Wasu a buɗe aka yi su.

Shin ta cancanci saye? Ni dai bel da madubi da gilashin goshi nake dubawa. Rilei da koyil da ƙwayayen fitila ana samunsu a wajen masu sayar da kayan injunan wasan pinball ta intanet, moto ma mai naɗa waya zai iya yi maka dabara. Amma bel ɗin da ɓera ya ci ko damshi ya ruɓar, ba kamfanin da zai sake yi maka. Madubin ma a kula, wasu azurfarsu a fuska take ba a bayan gilashi ba, ka goga da tsumma da omo ta tafi ke nan. Idan waɗannan ukun suna nan lafiya, saya. Idan bel ya tafi, katako ka saya.

Batun sa allon kwamfuta kuwa, don Allah a'a. In akwati kake so, kafinta zai haɗa maka wanda ya fi wannan sauƙin ɗauka. Ka buɗe ƙofar baya ka duba ko takardar zanen wayoyi tana nan, galibi a naɗe ake barinta a ƙasan akwatin. Ka ɗauko mana hotonta, da na bel ɗin, da na farantin taransfoma, ka turo mu gani kafin ka biya kuɗi.