Amsa: yadda jihar Wisconsin ke tallafa wa ƙananan gundumomin makarantu

Malam, ka tambayi yadda ƙaramar gundumar makarantu a yankin talakawa ke riƙe kanta a Amurka. Tushen matsalar haraji ne: kaso mai tsoka na kuɗin makarantu daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, inda kadarori ba su da daraja kuwa, abin da ake tarawa bai taka kara ya karya ba.

Ɗauki Wisconsin. Gundumar da ɗalibanta ba su wuce 745 ba, kuma ba su kai 10 a kowane murabba'in mil ba, jiha na ba ta dala 400 kan kowane ɗalibi. Dalili? Kuɗin motar makaranta da albashin malamin lissafi ba sa raguwa don aji ya zama na yara takwas.

Inda gizo ke saƙa shi ne iyakar. Ɗalibai su ƙaru kaɗan, su haura 745, gunduma ta faɗa rukunin dala 100 kan kowane ɗalibi, wanda ya tsaya a ɗalibai 1,000. Kuma idan kuɗin da majalisar jihar ta ware bai kai ba, sai a zaftare wa kowa daidai gwargwado, ga kasafin shekara an riga an tsara.