Amsa kan lambobin lokaci da kwamfuta ke nunawa a matsalar giya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce an sa wa Camry ɗinka kwamfuta ta kawo P0741, a ƙasa ka ga 1380 da gudun kilomita 80, bakanike kuma ya ce a sauke giyabos. Kada ka bari a kwance ko noti ɗaya tukuna.

Wannan 1380 ɗin daƙiƙu ne, ba kwanan wata ba. Ana ƙirga su daga lokacin da aka tayar da injin zuwa lokacin da ƙwaƙwalwar motar ta kama laifin, wato minti 23 ke nan. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da tsarin OBD-II, wato tsarin da mota ke gano laifinta da kanta, kuma idan laifi ya faɗo yakan adana yanayin da motar ke ciki a wannan lokacin: gudu, zafin ruwa, juyawar inji, yawan totur. Mu da muke wannan aiki nan muke fara dubawa, domin lambar laifin ita kaɗai ba ta cika faɗin komai ba.

P0741 na nufin kulocin da ke cikin kwanbata (abin da ke haɗa inji da giya a mota mai otomatik) bai kama yadda ya kamata ba. Shi wannan kulocin sai mota ta miƙe hanya, man giya ya ɗauki zafi, sannan ake umartarsa ya kama. To ka ga minti 23 da gudun 80 sun dace da labarin. Mai ya yi zafi ya tsinke, matsinsa ya ragu, kuloci ya fara sulɓi. Abin da na saba gani a irin wannan shi ne tsohon mai, ko man da ba nata ba (wannan ya yi yawa a garejinmu, kowane jan mai sai a ɗura), ko solanoyid (bawul ɗin lantarki mai buɗe wa man giya hanya) da ya gaji. Da a ce laifin ya faɗo daƙiƙa biyar bayan tayarwa, mota a tsaye, da lambar sansa (na'urar auna juyawa) irin P0715 ko P0720, da waya da soket zan bi, ba ruwana da cikin giya.

Ka duba abu biyu. Na farko, bayanan nan na wace lamba ce? Yawancin motoci guda ɗaya suke adanawa, kuma laifin tsallen wuta a inji yakan ture na giya ya zauna a wurinsa. Na biyu, nemi wurin da ke nuna kilomita nawa aka yi tun da aka goge laifuffuka. In kaɗan ne, kuma ba ka daɗe da sayen motar ba, wataƙila wani ya goge kafin ya sayar maka. Cire kan batir ma yana mayar da shi sifili.

Kuma ka sani irin wannan laifin sai ya maimaitu a tafiya biyu kafin wutar gargaɗin inji ta kama, don haka ranar da ka ga wuta ba ranar ya fara ba.

Ɗauki hoton shafin da wayarka kafin a goge. Duba launin man da warinsa. Sannan ku hau titi da kwamfutar a jone, ku wuce minti 25, a kwatanta juyawar inji da ta shigar giya lokacin da kulocin ya kama. In tazarar ta ƙi rufewa, turo mana lambobin mu gani.