Ruwan Isheri ba daga saman Legas yake sauka ba

Habu, jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa muke ɗaga fandishon gidan nan na Isheri har ƙirji, alhali ƙasa a bushe take ƙamas, ga siminti da tsada. Ban amsa maka a gaban mai aikin ba, da gangan.

Je ka dubi katangar maƙwabcinsa. Akwai wani zane mai duhu a bulo na huɗu daga ƙasa, a miƙe kamar an ja shi da igiya. Nan ruwa ya kwana. Tambayi maigadin, zai ce maka ranar da ya shigo rana ake ƙwallawa.

Ruwan Oyan ne. Kogi ne da bai kai kogin Ogun girma ba, yana gangarowa ta gonaki da dazuzzukan yammacin jihar Oyo, ya faɗa cikin Ogun kafin a isa Abekuta. A kansa aka yi dam ɗin da Shagari ya buɗe a 1983, saboda ruwan shan Abekuta da Legas. Idan damina ta yi nisa, wajen Satumba zuwa Oktoba, dam ya cika maƙil, dole a buɗe ƙofofinsa. Sai ruwan ya bi Ogun ya ratsa Abekuta, ya sauko ta Kara, inda 'yan'uwanmu ke cinikin shanu a bakin hanyar Ibadan. Daga nan ƙasa ta kwanta, babu gangarar da za ta kai shi tafkin Legas da sauri, sai ya bazu: Isheri, Agiliti, Owode, har Ajegunle ta hanyar Ikorodu.

Ina da ƙuruciya na yi wa wani gini a Agiliti. Ya ce a rage layi biyu na bulon fandisho, kuɗi sun yi kaɗan, ni kuma na biye masa. Oktoba na zuwa, da kwalekwale aka kwashe masa kujeru daga falo. Har yau a unguwar cewa ake magini ne bai iya ba, babu mai tuna wanda ya hana bulo.

Saboda haka layi biyu za mu ɗora a kan wancan zanen. Cikon jan ƙasa ne, kaɗan-kaɗan, kana jiƙawa kana daddagewa, kada ka juye tifa guda ka baje. Sai leda, sannan kankare. Gobe ka zo da tiyon lebur da alli, daga katangar za mu ɗauko awo.