Amsa Kan Sanyaya da Ɗumama Babban Garejin Aiki

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce ka sayi gida a jihar Maryland mai babban gareji, faɗinsa ƙafa 30, tsawonsa ƙafa 40, tsayin silin ɗinsa ƙafa 12, kana so ka mayar da shi wurin aikin kafinta da ɗan gyaran mota. Ka tambaya ko ka ja bututun da ke rarraba iskar sanyi da ɗumi a gidanka zuwa cikinsa, ko ka sa iyakwandishan na taga guda biyu ka haɗa da hita, ko kuwa ka sayi babbar na'ura guda ɗaya. Allah ya sanya albarka a gidan. Ni ma na ɗau shekaru ina aikin katako a garejin gidana a Columbus ta jihar Ohio, kuma yanayinmu da naku ba su da nisa: zafi mai danshi daga Yuni zuwa Satumba, sannan sanyi mai shiga ƙashi a hunturu. Garejina bai kai naka ba, ƙafa 24 ne da 36, amma matsalolin duk iri ɗaya ne.

Maganar bututun gida ka cire ta daga ranka tun yanzu. Dokar gini da yawancin garuruwan Amurka suke bi ta hana na'urar da ke ba ɗakunan zama iska ta kai iska gareji ko ta zuƙo daga can, kuma dalilin rai ne. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, bututun nan kuwa hanya ce buɗaɗɗiya daga bayan motarka zuwa ɗakin da 'ya'yanka suke barci. Duk wanda ya taso a gida ya ji labarin iyalan da hayaƙin janareta ya halaka cikin dare. Iskar ke nan. Ga kuma warin fetur da na fenti da ƙurar katako da za su bi ta nan su shiga falo. Gareji na'urarsa daban, gida tasa daban.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, sayen na'ura shi ne aiki na ƙarshe, ba na farko ba. A shekarata ta farko na sa iyakwandishan na taga, ya yi ta ruri daga hantsi har magariba, amma da la'asar gumi nake yi kamar babu shi. Wata rana na ɗora tafin hannuna a jikin babbar ƙofar gareji, wadda ke fuskantar yamma, sai da na janye shi da sauri saboda zafin ƙarfen. Na hau tsani na taɓa silin, shi ma ɗumi ne ke sauka daga gare shi. Sai na rufe ƙofofi da tsakar rana, na kashe fitila, na tsaya cikin duhu. Haske na gani yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, da gefunanta biyu, da kewayen taga, wani wurin har ɗan yatsa zai shiga. A nan na gane cewa ɗiban ruwa da kwando nake yi. Ina ba ka shawara ka yi wannan gwajin da kanka kafin ka kashe ko dala ɗaya, domin gani ya kori ji.

Ka fara da sama, domin ta nan zafi ya fi shigowa a lokacin zafi, kuma ta nan ɗumi ya fi tserewa a hunturu. A Amurka ana auna ƙarfin abin tare zafi da lambar R, kuma yawan lambar shi ne yawan tarewar. A saman silin na zuba audugar tare zafi har ta kai R-38, a bango kuwa, da yake katakonsa mai inci 2 da 4 ne, abin da ramin yake ɗauka shi ne R-13 zuwa R-15. Idan bangonka mai inci 2 da 6 ne za ka sami R-19 ko R-21. Bayan haka sai babbar ƙofa: sabuwar roba a ƙasanta da gefunanta, da fallayen soso mai tauri a cikinta, in ba ka da halin sayen ƙofa mai rufi tun daga kamfani. Ka lura da abu biyu a nan. Soson da aka fesa ko aka manna a bango dole a rufe shi da allon silin mai kaurin rabin inci saboda gobara. Sannan ƙarin nauyi a jikin ƙofa yana sauya daidaiton sifirin ɗin da ke ɗaga ta, kuma wannan sifirin ba abin da mutum zai taɓa da kansa ba ne, yana karya hannu, ka kira masu aikin ƙofa. Da na gama wannan gyaran, tun kafin in sauya na'ura, tsohon iyakwandishan ɗin nan na taga ya fara samun hutu da rana.

Yanzu sai girman na'ura. A gida mun saba cewa mai doki ɗaya, mai doki ɗaya da rabi, amma a nan da BTU ake magana, wato ma'aunin yawan zafin da na'ura ke cirewa ko bayarwa, ko kuma da tan. Tan ɗaya shi ne BTU 12,000 a awa, wato kusan abin da muke kira doki ɗaya da rabi. Akwai lissafin kai tsaye da mutane suke yi na BTU 20 ga kowace murabba'in ƙafa, wanda zai ba ka 24,000 a garejinka mai murabba'in ƙafa 1,200. Kada ka dogara da shi. An yi shi ne don ɗaki mai silin ƙafa 8, naka kuwa 12 ne, iskar da ke ciki ta ƙaru da rabi, ga manyan ƙofofi da ɗakin kwana ba shi da su. Akwai cikakken lissafi da ake kira Manual J, wanda yake duba bango da rufi da tagogi da inda ƙofa ta fuskanta da yanayin garinku. Ka nemi mai sa na'ura ya yi maka shi a rubuce, kuma ya yi shi bayan ka gama rufe garejin. Wani da na fara kira ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙa kawai ya ce mini tan uku. Na biyun ya zauna ya yi lissafi, tan biyu ya fito, kuma ita na sa, ba ta taɓa gaza mini ba.

Mutane suna zaton in na'ura ta yi girma ai riba ce, alhali ba haka ba ne. Na'urar da ta fi ƙarfin wuri tana sauke zafi cikin 'yan mintuna ta mutu, ba ta yi aikin da zai isa ta tatse ruwan da ke cikin iska ba, sai ka sami wuri mai sanyi amma yana danƙo a jiki. A Kano ko Sakkwato da bazara iska busasshiya ce, zafi kaɗai ake yaƙi da shi. A Maryland rabin aikin iyakwandishan cire danshi ne. Wannan ne ma ya sa na'urar nan mai hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, wadda take aiki a busassun wurare irin su Arizona, ba za ta amfane ka ba, ƙara maka laima za ta yi.

Abin da nake ba ka shawara a kai shi ne siflit mai inbata wadda ke sanyaya kuma ke ɗumama. Irin siflit ɗin da ka sani a gida ce, rabi a bango rabi a waje, sai dai ita wannan tana juya aikinta a hunturu, ta tattaro ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje ta shigo da shi ciki. Shi ya sa take ba da ɗumi ninki biyu zuwa uku na wutar da ta sha, ita kuwa hitar lantarki abin da ta sha shi take bayarwa ba ƙari. Inbatar kuma tana sa kwamfireso ya rage gudu ya ci gaba da aiki a hankali maimakon ya riƙa tashi yana mutuwa. Sai dai ka tambayi ƙarfin ɗumin da take bayarwa idan waje ya yi tsananin sanyi, domin ba duka ne suke riƙe ƙarfinsu ba. Akwai waɗanda aka ƙera don ƙasashen sanyi, kamar samfurin Hyper-Heating na Mitsubishi wanda yake aiki har digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, kuma Fujitsu da Daikin ma suna da irinsu. A sanyin da aka yi kwanaki kaɗan kafin Kirsimetin 2022, lokacin da Columbus ta wuce digiri 18 ƙasa da sifili, tawa ta riƙe garejin, ruwan da ke cikin bokiti bai daskare ba. Da tsawon ƙafa 40, ni a ganina na'urori biyu matsakaita, ɗaya a kowane ƙarshe, sun fi babba ɗaya: iska ta fi bazuwa, kuma in ɗaya ta lalace a watan Janairu ɗayar za ta riƙe ka. Ka ƙara da fankar silin mai juyawa a hankali, domin a wuri mai tsayin ƙafa 12 ɗumin duk sama yake taruwa, kai kuma kana ƙasa ƙafafunka suna sanyi. Iyakwandishan na taga ya fi araha, amma araha ba ta ado: ga ƙara, ga shan wuta, ga ratar da yake bari a jikin taga.

Rabin siflit ɗin da ke waje kuma ka ɗora shi a kan ƙafafu ko ka maƙala shi a bango, ya ɗaga daga inda dusar ƙanƙara take taruwa. Lokaci zuwa lokaci za ka ga ya dakatar da ɗumi yana fitar da tururi, ƙanƙarar jikinsa yake narkarwa, ba lalacewa ba ce.

Game da yadda za ka riƙa amfani da ita, kada ka kashe ta gaba ɗaya in ka tashi aiki. Kafin in sami siflit na yi hunturu ɗaya da hitar kananzir, ina kunna ta da safe in kashe da dare. Ƙonewar kananzir ko gas tana fitar da tururin ruwa, shi kuwa ƙarfen teburin zarto ya kwana cikin sanyi, da ɗumi mai danshi ya same shi sai ya yi raɓa kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji. Kafin hunturu ya ƙare fuskar teburin ta yi jajawur da tsatsa, haka ma bakin kurfi da na injin daidaita fuskar katako, na yi kwanaki ina gogewa. Ban da haka, wuta mai harshe a wurin da akwai fetur da ƙurar katako haɗari ce babba. Yanzu ina barin garejin a digiri 10 zuwa 12 in ba na nan, in ɗaga zuwa 17 ko 18 in zan yi aiki. Gam ɗin katako ma ba ya kamawa da kyau in sanyi ya sauka ƙasa da kusan digiri 10, sai ka ga ya bushe fari kamar alli, haɗin ya rabu. Ka sayi ƙaramin ma'aunin danshi ka rataye, ka yi ƙoƙarin riƙe shi kusa da kashi 50 cikin 100. Ranar da ka shigo da mota ɗauke da dusar ƙanƙara, ka share ruwan da ya narke zuwa waje tun bai bi iska ba.

Babban maƙiyin siflit a wurin kafinta shi ne ƙura. Ragar da ke bakinta an yi ta ne don ƙurar ɗaki, garin katako mai laushi wucewa yake yi. Bayan wata takwas na lura iskar ta ragu kuma tana warin ruma. Da na haska tocila cikin bakin na'urar, sai na ga doguwar fankar nan mai kama da gora kowane haƙorinta ya toshe da dusar katako da ta jiƙe ta zama taɓo, kwatar da ruwa ke bi ma ta cushe har ya fara ɗiga ta jikin bango. Wankinta ya ci mini yini guda. Tun daga nan nake wanke raga duk mako biyu, na haɗa kowane inji da na'urar zuƙe ƙura, na rataye matacin iska a silin, kuma in zan yi gugar katako mai yawa ko feshin fenti sai in kashe siflit har ƙura ta kwanta. Ka kafa taka nesa da teburin zarto da inda kake guga.

Na'ura mai wannan girman tana buƙatar layin wuta nata na musamman mai bolt 240, da makashi a waje kusa da ita, kuma yawancin garuruwa suna neman takardar izini. Ka sa ma'aikacin lantarki mai lasisi ya duba ko akwatin wutar gidanka zai ɗauki na'ura biyu tare da injinanka. Taɓa iskar gas ɗin sanyaya ma sai mai shaidar EPA, wato hukumar kare muhalli ta Amurka. Akwai samfurori irin na MrCool da ke zuwa da bututu cike da gas don mutum ya haɗa da kansa, amma ka tambaya tun da wuri ko akwai mai gyara a yankinku da zai yarda ya duba ta in ta sami matsala, domin da yawa ba sa taɓa abin da ba su suka sa ba. Sababbin na'urori kuma sun koma gas ɗin R-32 da R-454B a madadin R-410A, saboda haka ka san wanda ake sayar maka. Ka manna ƙararrawar kabon monoksaid a cikin gida kusa da ƙofar da ke shiga gareji.

In ka turo mana yawan manyan ƙofofin da inda suka fuskanta, da ko bangon a rufe yake ko katakonsa a fili yake, zan iya faɗa maka inda ya kamata ka fara sa hannu. Allah ya taimaka.