Amsa: Kuɗi ne kawai ya ja gabashin Turai zuwa Tarayyar Turai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwaɗayin kuɗi ne kaɗai ya sa ƙasashen gabashin Turai suka yi rububin shiga Tarayyar Turai bayan faɗuwar gurguzu. Kuɗi na ciki, amma a ganina tsoro ya fi shi nauyi.

Mutanen Hungary ba su manta tankokin Tarayyar Sobiyet a Budapest a 1956 ba, haka 'yan Czechoslovakia da mamayar da Sobiyet ta jagoranta a ƙasarsu a 1968. Da katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban 1989, Sobiyet kuma ta wargaje a Disamban 1991, babban burinsu su samu mafakar da Mosko ba za ta sake jawo su ba. Shi ya sa Poland da Hungary da Czech suka shiga ƙungiyar tsaro ta NATO tun 1999, shekara biyar kafin su shiga Tarayyar Turai.

Ga kuma kasuwa. Comecon, ƙungiyar cinikinsu ta da, ta mutu a 1991, masana'antu suka rasa masu saye.

Shigar ma ba a bagas aka yi ta ba. A taron shugabannin Tarayyar Turai a Copenhagen a 1993 aka gindaya sharuɗɗa: dimokuraɗiyya, bin doka, kare tsiraru, tattalin arzikin kasuwa. Slovakia ta ɗanɗana kuɗarta, domin a 1997 an bar ta a baya saboda salon mulkin firaministanta Vladimir Meciar, sai da gwamnati ta sauya a 1998 aka sake sauraronta. Takwas daga cikin ƙasashen gabashin, har da Slovakia, suka shiga Tarayyar Turai ranar 1 ga Mayun 2004, Romaniya da Bulgeriya kuwa sai 2007.