Agogona Ya Gaji Da Aikin Daji: In Sayi Ultra Ko In Haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai haƙa rijiyar burtsatse ne da haɗa mata sola, galibi a ƙauyukan Jigawa da Yobe. Tun 2021 nake ɗaure da Apple Watch Series 6. Yanzu in na cire shi daga caji da asuba, kafin La'asar ya mutu, gilashin kuma duk bututu ya kakkarce shi. Abokina ya ce in sayar da shi in cika kuɗi in sayi Apple Watch Ultra, wai don masu aikin wahala aka yi shi. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ga hidimar iyali. Me kake gani? Daga mai karatu a Haɗejiya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a sana'ar, domin samar wa mutane ruwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Abokinka bai yi ƙarya ba. Da Apple ya fitar da Ultra a watan Satumba na 2022 kan dala 799, masu hawan dutse da masu nutso a teku ya nufa da shi. Jikinsa na ƙarfen titaniyam ne, gilashinsa na saffaya ne mai wuyar karcewa, kuma an ɗan ɗaga bakin ƙarfen ya kewaye gilashin don ya tare duka. Naka kuwa, in na alminiyam ne kamar yadda nake zato, gilashinsa ba ya jure gogayya da bututu da siminti. Har ila yau, sai daga Series 7 kamfanin ya fara ba da shaidar cewa ƙura ba ta shiga agogonsa. Ka ga naka ya sha ƙurar hunturu shekara da shekaru ba tare da wannan alƙawari ba.

Amma da na sake karanta wasiƙarka, sai na ga ba karce ba ne ya sa ka ɗauki alƙalami. Mutuwar agogo kafin La'asar ce. A nan nake son mu daɗe.

Series 6 yana sabo awa 18 aka ce zai yi. Batirinsa kuma, a faɗar kamfanin, bayan caji cikakke sau 1,000 kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa ne zai rage. Wanda ke caji kullum tun 2021 ya wuce wannan adadi tuni. Ƙara da zafi: an tsara agogon ne ya yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, kai kuwa ka san abin da rana ke yi a Nguru ko Gashuwa a watan Afrilu, inda ake haura 40. Babu abin da ke tsufar da irin wannan batir kamar zafi. Ni kaina na taɓa barin nawa a gaban mota da tsakar rana, sau biyu ko uku, bayan 'yan watanni batirin ya kumbura har ya fara ɗaga gilashin. Don haka kafin komai, shiga saitin agogon ka duba lafiyar batir. In ta sauka ƙasa da 80, to ga ciwon nan.

Shin Ultra zai warkar da shi? Zai rage, ba zai kawar ba. Wanda ya fito a 2022 awa 36 yake yi, wato kwana ɗaya da rabi, ko da yake yana jure zafi har digiri 55 in yana hannu. Ga mai aikin ofis wannan ya wadatar. Ga mutumin da zai shiga ƙauye ya yi kwana biyar yana jiran a cimma ruwa, har yanzu sai ka riƙa yawo da ɗan faifan cajinsa, kuma ranar da ka manta shi a gida babu mai ara maka irinsa a can.

Shi ya sa, da ni ne kai, da Garmin Instinct 2 zan fara dubawa. Ba shi da kyan gani, fuskarsa baƙi da fari ce, ba a shafa shi, sai dai a danna maɓallai biyar da ke gefensa. Amma wannan ma riba ce ga mai hannu cike da laka. Caji ɗaya na kai shi har kwana 28, kuma akwai mai sola a fuska, wanda kamfanin ya ce in yana samun awa uku na rana mai ƙarfi kullum, yana iya daɗewa ba a nemi caja ba matuƙar ba a kunna GPS, wato na'urar gano wurin da kake, ba. Rana kuwa ba ita muka rasa ba. Kana iya adana lambobin wurin kowace rijiya da ka haƙa, yana kuma haɗuwa da iPhone ɗinka. Abin da za ka rasa shi ne amsa kira daga hannu da mayar da saƙo. Za ka ga saƙon ya shigo, amma sai ka ɗauko waya. Kai ka san ko wannan na da muhimmanci a wajenka. In aljihu bai kai ba, Amazfit T-Rex na bin wannan sahu da sauƙin kuɗi. Galaxy Watch Ultra na Samsung kuwa kada ka wahalar da kanka, ba ya aiki da iPhone.

In kuma zuciyarka na kan Apple, hanya mafi arha ita ce canza batir da sa wa agogon ɗan murfin roba mai kare gilashi. Sai dai ka sani, duk agogon da aka buɗe da wuya ya koma hana ruwa kamar da, kai kuma ruwa ne aikinka, ga alwala sau biyar. Bayan gyara, ka riƙa cire shi.

To, in duk da haka Ultra ɗin kake so, kuma kuɗin ba za su taɓa cefanen gida ba, ba laifi, agogo ne mai kyau. Amma ka buɗe ido. Kasuwannin waya cike suke da jabunsa, kwali da kamanni kamar an tsaga kara. Ka je da wayarka shagon. Na gaske da manhajar Watch ta cikin iPhone kaɗai yake haɗuwa. Duk wanda aka ce sai ka sauke masa wata manhaja, ajiye shi. In na hannu ne, kada ka ba da ko kwabo sai ya gama haɗuwa da asusunka a gabanka, domin wanda aka kulle da asusun Apple (iCloud) na tsohon mai shi ba ya buɗuwa. Ka duba lafiyar batirinsa shi ma.

Abu ɗaya nake roƙonka, kowanne ka zaɓa. Lokacin da injin haƙa ke juyawa, ko kana ɗaure kan batiran sola, cire agogon ka sa a aljihu. Madaurin waɗannan agogunan ba ya tsinkewa da sauƙi in inji ya kama shi, jikin Ultra kuma ƙarfe ne da wuta ke bi.